Horar da fastoci da kallon namun daji: wanne ke riƙe da akalar tafiyar?

Akwai wani tsari da 'yan mishan na Amurka da Turai suka saba da shi a Kenya da Tanzaniya: a zo a koyar da fastocin karkara kwana uku ko huɗu, daga nan a wuce Masai Mara ko Serengeti kallon zaki da raƙumin dawa. Duk ikilisiyar da aka kawo wa irin wannan tayin a nan Sakkwato, ina roƙon dattawanta su zauna da biro da takarda kafin su ce amin. Kallon halittar Ubangiji ba laifi ba ne. Damuwata ita ce yawon shi ke yanka kalandar, koyarwa kuma ta samu abin da ya rage.

Mu yi lissafi. A ce baƙi sun ware kwana 10. Biyu na zuwa, biyu na komawa, uku na daji, saura uku. Awa 6 a rana, awa 18 ke nan. To amma malamin da Turanci yake koyarwa, yawancin masu bishararmu na ƙauye kuwa da Hausa suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki, da ita suke wa'azi. Kowace jimla sai tafinta ya maimaita, awa 18 ta koma 9. Cire gaishe-gaishe, waƙoƙi da ɗaukar hoto. A kan wannan ɗan abin ne za a taso da bawan Allah daga Yabo ko Tambuwal ko Illela, ya bar iyali da garken da yake kiwo.

Maganin wannan a bayyane yake. A aiko da darussa wata biyu kafin zuwa, a fassara su, a buga wa kowa nasa, nassoshin kuma a ciro su daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda muke da cikakkensa tun 1932. Tafinta ya zama wanda ya yi karatun tauhidi, irin waɗanda suka fito daga kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru ko makarantun tauhidi na ikilisiyar ECWA a Jos da Kagoro. Jin Turanci kawai ba ya isa. Wanda bai san bambancin barata (Allah ya lasafta mutum mai adalci) da tsarkakewa (girma cikin rayuwar tsarki) ba zai cakuɗa su, baƙon yana murmushi bai san an karkatar da maganarsa ba. Batu ɗaya ya wadatar, misali yadda ake shirya wa'azi daga nassi guda, kowane fasto ya tashi ya gwada a gaban 'yan'uwansa a gyara masa. Rabin darussan ma malamanmu na gida su ɗauka, domin su ne za su bi sawu bayan baƙi sun tashi.

Sai lokaci. Su baƙin, hutunsu Yuli da Agusta ne, kuma a Gabashin Afirka ya dace da ƙaurar namun daji. Mu a nan tsakiyar damina ce. Faston ƙauye manomi ne, da gero da dawarsa yake ciyar da gida, albashin ikilisiya ba ya kai shi ko'ina. Ka kira shi lokacin noman biyu, ko dai ya ƙi zuwa, ko ya zo zuciyarsa na gona. Maris zuwa Mayu kuwa zafin Sakkwato kan haura digiri 40, bayan azahar ba mai fahimtar komai a ƙarƙashin rufin kwano. Janairu da Fabrairu su ne daidai: amfani ya shiga rumbu, Kirsimeti ta wuce, Ista ba ta zo ba. Kuma lokacin ne ciyawa ke bushewa a gandun dajin Yankari, dabbobi su taru a bakin kogin Gaji, a gan su cikin sauƙi.

Na ambaci Yankari domin kusa da mu babu inda za a je da kwanciyar rai. Dajin Kuyambana na Zamfara da Kamuku na Birnin Gwari 'yan bindiga sun hana shiga. Yankari kuwa tana jihar Bauchi, a mota yini guda ne cur ta Gusau da Funtuwa, hanyar da bai kamata a bi da baƙi ba. Jirgi ta Abuja ya fi, amma wannan wasu kwana biyun ne da wani kuɗin. A gaya musu gaskiya kuma: akwai giwa, ɓauna, gwanki, birai da ruwan ɗumi na Wikki, sai dai ana iya fita sau biyu ba a yi arba da giwa ba.

Batun kuɗi shi ya fi ci mini rai. Baikon da wata tsohuwa ta bayar don aikin bishara kada ya biya ɗakin kwana a gandun daji. Asusu biyu za a buɗe. Na horo ya ɗauki kuɗin motar kowane fasto zuwa da dawowa, abinci sau uku, masauki, takardu, man janareto da hakkin tafinta. Na yawo kowa ya cire daga aljihunsa. In baƙi na son zumunci ya cika, su biya wa fastoci biyu ko uku su tafi tare, akwai wanda ya shekara talatin yana wa'azi a kan jirgin Nuhu bai taɓa ganin giwa da idonsa ba.

Hotuna kuma a yi hattara. Baƙo zai sa fuskar mai bishara da sunan ƙauyensa a Facebook ya hau jirgi, shi kuwa mutumin yana nan inda ake satar mutane don kuɗin fansa, an gan shi tsaye da Bature. Ba a sa hoton kowa sai da izininsa, ba a rubuta sunan ƙauye, ba a sanar da rana da wurin taro a intanet sai an watse. Taron a yi shi cikin gari, a harabar majami'a mai katanga, shugabannin ikilisiya su sanar da jami'an tsaro tun da wuri, su kuma je su gaida mai unguwa kafin motar baƙi ta iso.