Ƙarar "tiit" ta Linux ta kai ni bango

Ka danna Tab a taminal, wato wurin rubuta wa kwamfuta umarni, babu abin da zai cika, tiit. Ka danna Backspace a layin da babu komai, tiit. A kwamfutar tebur kuma ƙarar ba ta lasifikar da kake rage wa murya take fitowa ba, daga wata 'yar mitsitsiyar lasifika ce da ke cikin akwatin, gadon IBM PC na 1981. Ka sa abin kunne, ka kashe sauti, duk a banza. Da tsakar dare sai ta tashi yaron da ke barci kusa da kai.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda maganin ya warwatse. A X, tsarin da ke nuna tagogi a allo, sai ka rubuta xset b off. A bash, manhajar da ke karɓar umarni a taminal, sai set bell-style none cikin fayil ɗin .inputrc. Vim, manhajar gyara rubutu, ma da nasa daban. Wanda ya gaji sai ya tsige pcspkr, direban wannan 'yar lasifikar, gaba ɗaya, ya hana shi sake lodawa. Duk wannan wahala saboda harafi ɗaya, BEL, harafin ƙararrawa, lamba 7 a ASCII, tsarin lambobin haruffan kwamfuta.

Me zai hana a sa makunni guda a cikin kernel, wato zuciyar Linux, a ƙarƙashin /sys, inda ake saita na'urori? Mutum ya zaɓa: a kashe ƙarar, a bar ta yadda take, ko a miƙa ta ga katin sauti ta bi ma'aunin murya kamar sauran. Ban ce a cire ta ba, domin makafi da masu kula da sabar da ba ta da allo suna dogara da ita. Amma sabon shiga bai kamata ya bi wuri huɗu kafin ya samu shiru ba.