Ga wanda makin GMAT ya karya wa zuciya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kwana tara ban ga ɗan yayata a sahun Asuba ba. Yaron da ya yi wata huɗu yana riga kowa zuwa masallacin unguwarmu a nan Ƙofar Marusa cikin Katsina, har wani lokaci shi ke share tabarmi kafin ladan ya iso. Da izininsa nake wannan rubutu, kuma ba zan ambaci sunansa ba, don na san akwai irinsa da yawa da za su karanta.

Ma'aikacin banki ne, yana da burin digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wato MBA, a Ingila ko Amurka. Yawancin manyan makarantun can suna neman makin jarrabawar GMAT. Ga wanda bai san ta ba, tun ƙarshen 2023 aka sauya mata tsari: tambaya 64 ce, kashi uku, kowane kashi minti 45. Akwai lissafi, tambaya 21, ba a yarda da kalkuleta ba. Akwai karatu da auna hujja cikin Turanci, tambaya 23. Sai nazarin alƙaluma da jadawali, tambaya 20. Maki yana tashi daga 205 zuwa 805, kuma kwamfutar tana bin sawunka, in ka amsa daidai ta ƙaro maka mai tsauri. Ya biya kuɗin da dala, ya bi hanyar Funtuwa da Kaduna har Abuja, ya zauna awa biyu da kwata. Yana neman 645. Kafin ya tashi daga kan kujera 535 ta bayyana a allon.

Da na same shi a ɗaki ya ce mini, "Kawu, me ya rage ban yi ba? Na yi karatu, na yi tsayuwar dare, na yi azumin Litinin da Alhamis, Inna ta yi sadaka. Ga abin da na samu."

Wannan magana ce ta hana ni barci, ba makin ba.

Ɗana, da kai da duk wanda yake cikin irin halinka, ban zo in hana ku baƙin ciki ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Wanda ya tara albashin wata da watanni ya canza shi zuwa dala, ya hana idonsa barci, in ya ji zafi ba laifi ya yi ba. Masu cewa "jarrabawa ce kawai, me ye a ciki" su yi haƙuri su yi shiru, ba su san nawa ta ci ba.

Abin da nake jin tsoro shi ne a mayar da ibada ciniki. Ka ba Allah raka'a kaza da azumi kaza, kana jiran Ya miƙo maka 645 kamar yadda ake miƙo canji a kanti, da bai zo ba sai ka naɗe tabarmarka. Allah Ya ba mu labarin irin wannan a aya ta 11 ta Suratul Hajji: akwai mai bauta wa Allah a gefe-gefe, in alheri ya same shi ya natsu, in jarrabawa ta same shi ya juya baya, ya yi hasarar duniya da lahira. Ban ce kai ne ba, Allah Ya tsare. Amma kwana taran nan ka duba inda suka dosa. Sallolin da ka yi wata huɗu suna nan a rubuce, ba ɗaya da ta ɓata don maki ya yi ƙasa. Kai ne kaɗai za ka iya zubar da ladansu in ka fara yi wa Ubangijinka gori da su.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa ana amsa wa ɗayanku matuƙar bai yi gaggawa ba, ya ce na roƙa ba a amsa mini ba. A wani hadisin na Abu Sa'id da Imamu Ahmad ya kawo, addu'ar Musulmi da ba saɓo ko yanke zumunci a cikinta ba ta rasa ɗayan uku: a gaggauta masa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa zuwa lahira, ko a kawar masa da wani sharri gwargwadonta. Kai da ka yi tafiyar Abuja ka dawo lafiya a wannan zamani, wa ya gaya maka ba a biya ka da na ukun ba?

Ina yawan tuna Hudaibiyya. Shekara ta 6 bayan hijira, sahabbai kusan 1,400 suka fito da harami da dabbobin hadaya, zuciyarsu cike da ganin Ka'aba. Aka tare su a bakin Makka, aka yi sulhu da sharuɗɗan da suka yi musu nauyi, aka ce su koma Madina ba umara. Sayyidina Umar da kansa bai iya haɗiye abin ba, ya je yana tambaya, ashe ba ka ce mana za mu zo Ɗakin mu yi ɗawafi ba? Manzon Allah ya amsa masa da tambaya: na ce maka bana? A hanyar komawa Suratul Fathi ta sauka tana kiran wannan komawa buɗi mabayyani. Shekara ta zagayo suka yi umararsu, a ta 8 aka buɗe Makka. Ka roƙi Allah ilimi mai amfani da arziki na halal, to wa ya yi maka alkawarin lallai a wannan zama, ta wannan makaranta?

Sai dai akwai wani rami a ɗaya gefen, kuma mutanenmu sun fi faɗawa cikinsa. Shi ne a ce "haka Allah Ya so" a rufe littafi, ba a ƙara waiwayar inda aka yi kuskure ba. Kalmar gaskiya ce, amma sau da yawa kunya da lalaci ake rufewa da ita. Bayan Uhudu, da sahabbai suka ce daga ina wannan ya zo mana, Allah bai ce musu ƙaddara ce kawai ba. A aya ta 165 ta Ali Imrana cewa Ya yi daga wajenku yake, domin maharba sun bar dutsen da aka ajiye su. Surar da ta ce musu kada su yi rauni, kada su yi baƙin ciki, ita ce ta nuna musu inda suka zame. Hadisin mumini mai ƙarfi da ke cikin Muslim ma haka ya jero: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya. Sannan in abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah Ya ƙaddara, abin da Ya so Ya aikata, domin "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Abin da aka hana shi ne zaman "da na sani". Binciken kuskure don gyara gaba yana cikin kwaɗayin abin da zai amfane ka.

Masu jarrabawar ma sun bar ƙofa a buɗe. Bayan kwana 16 ana iya sake zama, har sau biyar cikin wata goma sha biyu. Maki yana aiki shekara biyar. Sai ka ga makinka sannan ka zaɓi makarantar da za ka tura wa, saboda haka 535 ɗin nan ba wanda zai gan ta sai ka so. Cikakken sakamakon yana nuna maka yadda ka yi a kowane kashi da lokacin da ka kashe a kan tambayoyi. Kuma kada ka auna kanka da makin yayyenka na tsohon tsari, 645 ta yanzu tana daidai da 700 ta da. Makarantu da yawa suna karɓar makin GRE, wata jarrabawar neman shiga digiri na biyu, a madadin GMAT, kuma suna duba aikin da ka yi da shaidar waɗanda suka san ka, ba maki kaɗai ba. In aljihu ba zai ɗauki sake biya yanzu ba, kada ka ci bashi don gudun surutun mutane. Ka yi istihara, ka yi shawara.

Ku kuma 'yan uwa da abokan aiki masu tambayar "ina labarin Ingilar?" kuna murmushi, ku ji tsoron Allah. Rabin abin da ya kulle yaron nan a ɗaki tsoron bakinku ne.

Na koya masa addu'ar da Ummu Salama ta karɓo daga Manzon Allah: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Ya Allah Ka ba ni lada a kan musibata, Ka mayar mini da mafi alheri daga gare ta. Ya ce, "Kawu, har a kan jarrabawa?" Na ce har a kan abin da bai kai jarrabawa ba.

Jiya ya fito Asuba, a sahu na biyu. Bayan an idar muka zauna a dakalin ƙofar gida ya buɗe sakamakon a waya, karon farko tun dawowarsa daga Abuja. Ashe a kashin alƙaluman nan ya ɓata minti kusan bakwai a kan tambaya ɗaya, na ƙarshe-ƙarshe duk canka ya yi saboda lokaci ya ƙure. Ya daɗe yana kallon wayar. Bai yanke ko zai sake zama ba tukuna, ya ce sai ya yi istihara ya kuma yi magana da mahaifiyarsa. Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.