Kwana Uku a Ƙarƙashin Hilux

Hilux ɗina ƙirar 2008 ce, kuma ta sha wuya. Duk kaka ita ke kwaso min masara daga ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada, ta hanyoyin da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi. Bana da damina ta ɗauke sai ta fara surutu. In na faɗa rami ta ce ƙwaram, in na sha kwana kuwa sai ka rantse tsohuwar ƙofar zaure ake turawa. Yarana har sun daina jiran hon, tun ina bakin layi suke buɗe get.

Bakanikena ya leƙa ƙasa, ya sa ƙarfe ya ɗan ɓanɓari safirin na baya, ya ce, "Alhaji, aikin ƙafa ne. Bushin ya mutu, ƙarfe ke cin ƙarfe." Ya nuna min robar da ke cikin idon safirin, ta tsattsage kamar diddigen manomi da hunturu. Kuɗin hannu naira dubu 35. Na dubi robar nan, ko kofin shayi ba ta kai ba. Na ce zan yi shawara.

Da YouTube na yi shawarar. Wani Bature a Ostireliya ya canza nasa cikin minti 12, yana yi yana dariya, ko hannunsa bai yi baƙi ba. Washegari na tafi Ƙofar Ruwa na sayo bushin, na ce wa uwargida, "Maman Ummi, gobe kafin azahar kin ga mota sabuwa." Ta ce, "Allah ya sa, Maigida," da irin muryar da take amsa min in na ce zan rage shan shayi.

Na ɗaga mota a jak, na tokare ta da guntun icce, na sa sufana a noti. Notin ya fita lafiya lau, har na fara jin tausayin masu biyan kanikawa. Amma ƙusar ta ce ba inda za ta. Ashe shekarun da na yi ina ratsa rafi, tsatsa ta ɗaura mata aure da bututun ƙarfen da ke cikin robar. Na zuba man birki, na buga da guduma, na zura bututu a sufana na hau na tsaya a kai da duk nauyina. Sufana ta zame. Ni da ƙasa muka gaisa, ɗan autana yana tambaya, "Baba, shi ma Baturen haka ya yi?"

Sai da la'asar ƙusar ta fita, da zarto.

Rana ta biyu ita ce ranar wuta. Bushin na gaba ba roba zalla ba ne, yana da zoben ƙarfe a waje wanda aka danna cikin idon safirin da inji. Dabarar marasa inji ita ce a ƙone robar, sannan a yanka zoben daga ciki a fitar. Na kunna wuta. Wanda bai taɓa ƙona roba a tsakar gida ba, bai san girman haƙurin maƙwabta ba. Hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, shanyar gida uku ta koma kalar gawayi. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "Alhaji, babbakar kan sa ake yi ba gayyata?" Wani kuma ya iso a guje da bokitin ruwa, ya tarar da ni tsugune ina fifita wutar da murfin kwano.

Sabon bushin kuma ya ƙi shiga. Baturen ya ce a kwanar da shi a firiza, sanyi zai ɗan tsuke ƙarfen. Na ƙulle shi a leda na tura tsakanin zoɓon sayarwar Maman Ummi. Cikin dare aka ɗauke wuta. Da safe bushin yana nan yadda yake, ya dai ƙaru da ƙamshin citta da kanumfari, ita kuma ta kusa miƙa wa wani yaro shi a kan naira 100. Daga ƙarshe na shafe shi da giris, na ɗauko taɓarya. Ya shiga. Taɓaryar ce dai ba ta sake daka ba.

Na mayar da komai, na ɗaure notuna tamau motar tana sama a kan jak, na sauke. Shiru! Na zaga unguwa sau biyu gilashi a ƙasa, ina neman rami da gangan. A majalisa har na fara ba mutane shawara kan ƙafar mota.

Sati biyu gyaran ya yi. Ina dawowa ta dajin Falgore da buhu goma sha biyu, na ji ƙwaram.

Bakanike ya kwanta ƙasa, ya daɗe bai ce komai ba, kafaɗarsa ce kawai ke rawa. Da ya fito ya ce, "Alhaji, a sama ka ɗaure ko?" Na ce to a ina ake ɗaurewa? Ya ce sai an sauke mota ta zauna da nauyinta, a girgiza ta, sannan a ƙarasa ɗauri. In ka ɗaure tana rataye, tana sauka robar ta murɗe, haka za ta zauna a murɗe har ta yage. Giris kuma cin roba yake, ruwan sabulu ake sa wa. Ya kira yaransa biyu su zo su gani, wai darasi ne.

Na ce to nawa? Ya ce dubu 45. Na ce ai 35 ka ce. Ya ce, "Wancan kuɗin gyara ne, Alhaji. Goman na gyaran gyaranka ne."

Da na koma gida na tarar da takarda a kan tabarmata, da rubutun Ummi: taɓarya ɗaya, murfin kwano ɗaya, sabulun wankin gida uku.