Ranar da na ƙara wa Anti ƙiba

Yaya Babba ya kira ni Tudun Wada in ɗora masa Windows 10 a kan tsohuwar HP EliteBook 8470p ɗin nan tasa. Na goge, na ɗora daga filashi, ta tashi lafiya lau. Ko kunun ayar da aka kawo mini ban shanye ba, Anti ta ce a buɗe mata hotunan sunan jaririnta, ga ƙawayenta cike da falo.

Na buɗe. Falo ya yi tsit.

Anti ta kalli hoton, ta kalle ni, ta sake kallon hoton. Fuskarta ta baje kamar faifai, ɗaurin ɗankwalin ya kusa cinye rabin allon. Wata ƙawarta ta ce, "Ma sha Allah, jego ya karɓe ki," ta kifa kai a filo tana kyarma don dariya. Anti ta ce, "Kai, wace ce wannan?" Na ce, "Ke ce mana, Anti." Ta ce in maimaita. Ban maimaita ba. Yaya kuwa ya tuna yana da alwala, ya fice.

Abin da ya faru ba boyayye ba ne ga wanda ya saba aikin. Allon kwamfutar 1366 x 768 ne, amma sabon Windows bai samu direban hoto ba, wato manhajar da ke sarrafa katin hoton kwamfutar, sai ya lallaɓa da Microsoft Basic Display Adapter, ya tsaya a 1024 x 768, ya miƙe hoton ya cika faɗin allo. Kowa ya samu ƙarin faɗi na kashi ɗaya cikin uku, har jaririn. Na shiga Display settings, wurin canja girman ya dushe, ba ya dannuwa, madannin haske ma ba sa aiki.

A nan ne mutuminku mai shagon caji ya shigo karɓar kuɗinsa. Kun san shi. Mutumin da ko fanka ce ta tsaya sai ya ce a canja allo. Ya leƙa ta kafaɗata ya ce, "Sikirin ne ya mutu, a kai PZ wurin masu gyara, ina da yaro a can." Wannan yaron nasa na PZ tun ina sakandare nake jin labarinsa, har yau ba wanda ya taɓa ganinsa. Shi ne fa ya taɓa riƙe cajata wata guda, ya dawo da ita an naɗe da salatif yana rantsuwa haka na ba shi.

Na share shi, na danna Windows da X, na buɗe Device Manager, na shiga Display adapters, Properties, Details, na zaɓi Hardware Ids. Lambar da ke bayan VEN ita ke faɗin kamfanin da ya ƙera katin hoton: 8086 Intel, 10DE NVIDIA, 1002 AMD. Tamu VEN_8086 da DEV_0166 ce, wato Intel HD Graphics 4000. Da ma Windows Update kan kawo shi da kansa, amma autan gidan da ya haɗa mana intanet daga wayarsa ya kunna Metered connection don kada a shanye masa data, kuma muddin yana kunne direbobi ba sa sauka. Sai da Anti ta yi masa alkawarin kati ya bari na kashe. Na sauko da direban 64-bit daga shafin Intel, ya haura megabait 100. In aka ɗauko na 32-bit ko na wani zubin, zai ce kwamfutar ba ta cika sharaɗi ba, ya fita abinsa.

Ana cikin ɗorawa allon ya yi baƙi ƙirin. Haka yake yi idan sabon direba na karɓar aiki, daƙiƙu kaɗan ne. Amma je ka faɗa wa falon nan. Mai caji ya tafa hannu ya ce, "Shi ke nan, ya ƙarasa ta!" Anti ta fara salati tana lissafa hotunan biki da na suna. Na ce suna cikin ɓangaren D na ma'ajiyar kwamfutar, ɓangaren C kaɗai na goge, ba mai saurarena. Gumi ya jiƙa mini kaftani, ina zaune a kan kafet ina kallon fuskata a baƙin allo, ita ma ba ta ba ni ƙwarin gwiwa ba.

Allon ya dawo. Na sake kunna ta, na zaɓi 1366 x 768 mai alamar Recommended, kowa ya koma girmansa. Mai caji ya ce ai tun farko ya san direba ne, ya ɗauki sauran kunun ayata ya fita da kofin.

Madannin hasken dai har yanzu sai an ɗora HP Hotkey Support, kuma autan ya ce datarsa ta ƙare. Yaya ya ce in dawo ranar Asabar, amma in fara kira tukuna, a ji ko Anti na gida.