Dala miliyan 612 da rabi a kan abin da kowane injiniya ke gani

Jama'a, duk wanda ya riƙe BlackBerry a zamanin "ba ni pin ɗinka" ya kamata ya san cewa a farkon 2006 saura ƙiris kotu ta toshe imel ɗin wayar nan a faɗin Amurka. Har yau in na tuna shari'ar, raina sai ya ɓaci.

Wani ƙaramin kamfani ne a jihar Birjiniya, NTP, ya maka RIM na Kanada, masu ƙera wayar, a kotu a 2001. NTP ba ya ƙera waya. Jarinsa takardun mallakar ƙirƙira ne na injiniya Thomas Campana, a kan tura imel ta iska zuwa na'urar hannu.

To ai dokar Amurka da kanta ta hana a ba mutum mallakar abin da duk gwanin sana'ar zai iya hangowa. Imel ya daɗe a duniya, tura gajeren saƙo ta rediyo shi ma haka. Haɗa su biyun, a ganina, kamar tela ne ya ɗinka zif a bakin aljihu, sannan ya ce daga yau duk telan da ya yi haka sai ya biya shi. Ban raina wahalar Campana ba, ya yi aiki, kuma ya rasu a 2004 bai ga ƙarshen shari'ar ba. Amma riga kowa zuwa ofis da takarda daban, ƙirƙira daban.

RIM ma sun yi wa kansu. Sun kawo wani tsohon tsari mai suna SAM gaban masu taya alƙali yanke hukunci, suka kunna shi don su nuna ana tura irin wannan saƙo tun kafin Campana. Saƙo ya tafi. Sai aka gano manhajar da ke ciki ta bayan ƙirƙirar Campana ce, ba ta wancan lokacin ba. Alƙali James Spencer ya ce a yi watsi da abin da aka gani. Hujjar da za ta cece su, da hannunsu suka ɓata ta.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne, ofishin da ya ba da takardun ya sake duba su, har ya fara cewa ba su cancanta ba. Kotu ba ta jira shi ba. Da wuƙa a wuya, RIM ya biya dala miliyan 612.5 a watan Maris na 2006. Shekara guda bayan haka, a shari'ar KSR da Teleflex, Kotun Ƙolin Amurka ta ce haɗa sanannun abubuwa ta hanyar da kowa ya san abin da za ta haifar, galibi ba ƙirƙira ba ce. Kuɗi kuwa sun riga sun tafi.

A 2018, bayan kasuwar wayarsa ta mutu, RIM ɗin da aka tatsa, wanda ya sauya suna zuwa BlackBerry, shi ne ya kai Facebook kotu a kan WhatsApp da Instagram. Cikin abin da yake iƙirarin nasa ne har da 'yar lambar nan da ke nuna maka saƙo nawa ne ba ka karanta ba.