Dutsen Sikotland gajere ne, amma kada a raina shi

Wanda ya san Jos ko Mambila, in aka ce masa Ben Nevis, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Birtaniya, mita 1,345 ne kacal, sai ya taɓe baki. Garin Jos kansa yana zaune a wajen mita 1,200, duwatsun Shere sun kai kusan 1,800, Chappal Waddi na Gashaka Gumti kuwa mita 2,419 ne. Wannan lissafin ne yake yaudarar ’yan uwanmu da ke nan Sikotland, abin kuma yana damuna ƙwarai.

A Jos, mota ta riga ta hau da kai fiye da rabin tsayin. Ben Nevis kuwa daga kusan bakin teku ake fara shi, a gefen garin Fort William, ƙafarka ce za ta ci tsayin gaba ɗaya. Zuwa da dawowa wajen kilomita 16 ne. Masu hawa suna lissafi da ƙa’idar Naismith ta 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Ban da hutu ke nan, shi ya sa yawancin mutane suke cin awa 7 zuwa 9. A Disamba kuma rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma.

A gida, tsoronmu rana ce da ƙishi da maciji. Nan kuwa jiƙa da iska ne. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6, ga yayyafi, ga iskar da ke kayar da ƙato. Sanyin hunturu busasshe ne, rigar sanyi ta ishe shi. Na nan jiƙaƙƙe ne. Wandon jins da duk kayan auduga suna shan gumi da ruwa su manne a jiki, su zuƙe ɗumin mutum. Da farko rawar ɗari, sai tuntuɓe, sai magana ta sarƙe, shi kuma yana cewa lafiyarsa ƙalau. A sa ulu ko roba-roba a ciki, riga mai kauri a tsakiya, sannan riga da wando masu hana ruwa, da takalmi mai riƙe idon sawu. A jaka: tocila ta goshi, safar hannu, usur, ruwa lita 2, dabino da gyaɗa. Da bazara akwai ƙananan ƙwari masu cizo da kaska, a duba jiki bayan an sauko.

Babban bambancin a wurina shi ne mutane. A Mambila ba ka daɗewa ba ka ga ruga ko makiyayi da zai nuna maka hanya ba. Tsaunukan nan an kwashe mazaunansu da yawa tun ƙarni na 18 da na 19, aka zuba tumaki. Ƙauyen Inverie da ke Knoydart, sai ta jirgin ruwa daga Mallaig ko tafiyar ƙafa ta wajen kwana biyu. Dokar 2003 ta ba kowa damar ratsa yawancin filayen, akwai kuma ɗakunan kwana na kyauta da ba a kulle su, amma babu wanda za ka tambaya. Taswirar Ordnance Survey (hukumar zana taswira ta Birtaniya) da kamfas su ne jagoranka, don waya takan rasa sabis, sanyi kuma ya cinye batir.

A ƙolin Ben Nevis in hazo ya rufe, ramuka suna gefe biyu, ƙanƙara kuma takan taru ta zarce bakin ramin, ka ɗauka ƙasa ce alhali babu komai a ƙarƙashinta. In za a sauko, daga ginshiƙin awo na ƙoli, a saita kamfas a digiri 231 a yi mita 150, sannan a juya zuwa 282. Kauce wa hagu shi ke kai mutum kwazazzabon Five Finger Gully. In abu ya ɓaci, a kira 999, a nemi ’yan sanda, a ce masu ceton mutane a kan dutse ake so.