Benci Mai Tsawo Ne Ke Kashe Gasar Fantasi ta Ƙwallon Amurka

Jama'a, masu buga fantasi na ƙwallon Amurka (wasan da kake haɗa ƙungiya da 'yan wasan gaske, kana samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili) da masu niyyar shiga bana, ina da magana a kan dokar jerin 'yan wasa, kuma ina so a ji ta tun kafin ranar zaɓe, wato ranar da 'yan gasa ke ɗaukar 'yan wasa bi da bi. Yawancin gasa a gaggauce ake kafa ta. Mutum ya buɗe manhajar ESPN ko Yahoo ko Sleeper, ya amince da duk tsarin da ya tarar a ciki, ya aika wa abokai goron gayyata. Sai an kai mako na shida rigima ta ɓarke, sannan a tuna ba a taɓa zama an tattauna komai ba. A ganina, cikin dukkan dokokin nan babu wadda ta kai yawan kujerun benci, wato 'yan wasan ajiya, nauyi, kuma benci mai tsawo shi ke kashe gasa.

Wanda ya saba da fantasi na Firimiyar Ingila zai iya cewa me ya yi zafi haka. Can ai kowa na da fam miliyan 100 da 'yan wasa 15, kuma Haaland ɗaya miliyoyin mutane na iya sa shi a ƙungiyarsu a mako guda. Nan ba haka ba ne. Ɗan wasa ɗaya, mai shi ɗaya. Idan ka ɗauke shi ranar zaɓe, ya fita daga hannun sauran goma sha ɗaya har sai ka sake shi ko ka yi musanya. Don haka duk kujerar da aka ƙara a benci, an ɗebe mutum goma sha biyu ke nan daga cikin waɗanda kowa zai iya nema.

Mu yi lissafin a fili. Tsarin ESPN na yau da kullum mutum tara ne ke shiga fili: mai jifa ɗaya, masu gudu da ƙwallo biyu, masu cafewa biyu, TE ɗaya (mai tare abokan hamayya da ke kuma cafe ƙwallo), gurbi ɗaya na zaɓi da za ka cike da mai gudu ko mai cafewa ko TE, sai mai bugu da rukunin tsaro. Benci kuma bakwai. Jimilla 16. A gasar mutum 12 an kwashe 192 ke nan. Idan aka ja bencin zuwa goma, kamar yadda wasu ke so, sun zama 228. Alhali ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, 32 ne kacal, kuma ba kowace ce ke da mai gudu guda ɗaya da take dogara da shi ba. To wa ya rage? Babu kowa sai waɗanda ko mai horar da su ba ya tunawa da su ranar Lahadi. Idan kuwa aka tsaya a biyar, 168 ne a hannu, an mayar da mutum 24 kasuwa, wato cikin waɗanda kowa zai iya ɗauka, idan aka kwatanta da tsarin ESPN. Waɗannan 24 ɗin su ne ran gasar.

Dalilina shi ne daɗin wasan nan ba ranar zaɓe yake ƙarewa ba, yana cikin shawarar da kake yankewa kowane mako. Ku tuna Puka Nacua a 2023. Ƙungiyar Rams ta ɗauke shi a zagaye na biyar na zaɓen NFL, kuma a yawancin gasannin fantasi babu wanda ya waiwaye shi. Babban mai cafewar Rams, Cooper Kupp, na jinya, sai yaron ya cafe ƙwallo 10 a makon farko, 15 a na biyu, ya ƙare kakar da 105 da yadi 1,486. A gasar da bencinta gajere ne, wanda ke son Nacua dole ya zauna ya yi tunani: wa zan saki? Wanda na ɗauka a zagaye na tara da nake ganin zai farfaɗo, ko mai gudun da nake ajiya saboda makon hutu? Wannan zaman tunanin shi ne wasan. A gasar benci goma kuwa, mutum ɗaya ko biyu da ke wuni a kan waya sun riga sun tara duk wani matashi mai alamar tashi, sun jibge su ba tare da sun sa ko ɗaya a fili ba, kamar ɗan kasuwar da ke ɓoye hatsi a rumbu yana jiran tsada. Sauran goma su buɗe manhaja ranar Talata su ga babu abin ɗauka. Bayan mako uku sun daina buɗewa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce wanda ya yi bincike ya gano yaro tun kafin ya yi suna ai ya cancanci ladan wahalarsa. Gaskiya ne, kuma akwai gasar da aka gina domin haka, wadda ake riƙe 'yan wasa daga shekara zuwa shekara. Can a ja benci yadda ake so, ba ni da ja. Amma gasar kaka ɗaya tsakanin abokai, wani ɗan kasuwa, wani malamin makaranta, wani ɗalibi, abin da ya fi komai shi ne a kai watan Disamba dukkan goma sha biyun suna nan suna fafatawa. Wanda ya fara da rashin nasara huɗu a jere, hanyar dawowarsa ɗaya ce, ya samu abin ɗauka a kasuwa. Idan aka toshe masa ita, zai bar ƙungiyarsa da masu rauni a fili, kuma duk wanda ya haɗu da shi ya ci banza. Daga nan teburin ya daina faɗin gaskiya.

Sai batun makon hutu. Tun 2021 kowace ƙungiya wasa 17 take yi cikin mako 18, kuma akwai makon da ƙungiya shida ke hutawa lokaci guda. Eh, benci biyar zai matse ka a irin wannan mako. To ya matse ka. Jadawalin hutun nan a bayyane yake tun kafin ranar zaɓe, wanda ya tara mutum huɗu masu hutu rana ɗaya shi ya zaɓa wa kansa.

Rauni daban ne, kuma a nan nake sassautawa. Babu wanda ke zaɓen rauni. A 2024 Christian McCaffrey, mai gudun ƙungiyar 49ers, ne aka fara ɗauka a gasanni da yawa. Daren Litinin na makon farko, ana saura kaɗan 49ers su kara da Jets, aka sanar ba zai buga ba. Jordan Mason ya maye gurbinsa ya yi gudun yadi 147. McCaffrey wasa huɗu kawai ya buga a duk kakar. Wanda ya riƙe shi a benci biyar ba tare da wani tanadi ba, an hukunta shi sau biyu: ya rasa zaɓinsa na farko, ya kuma rasa kujera. Saboda haka ina goyon bayan gurbin jinya guda biyu, da sharaɗi mai tsauri. Wanda aka tabbatar ba zai buga ba ko ƙungiyarsa ta sa shi a jerin masu jinya shi kaɗai ke shiga. Wanda ake shakkar ko zai buga ba ya shiga. Ranar da ya warke kuma, ba ka da damar ɗaukar kowa sai ka fitar da shi daga gurbin. In ba haka ba, gurbin jinya ya zama benci ta bayan gida.

Gajeren benci kuma ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an gyara yadda ake ɗauka. Mu da ke kallo daga nan mun san wahalar agogo. Wasannin farko na Lahadi galibi ƙarfe shida na yamma suke farawa a agogon Najeriya da Nijar, su koma bakwai idan Amurka ta sauya agogonta a Nuwamba. Na daren Alhamis da Litinin kuwa sai bayan ɗaya na dare. Idan dokar ita ce wanda ya riga dannawa shi ke ɗauka, to ba mafi sanin wasa ne zai ci ba, mafi ƙarancin barci ne. Tsarin kasafi ya fi adalci nesa ba kusa ba. A ba kowa maki 100 na duk kaka, kowa ya yi tayinsa a ɓoye, ranar Laraba a buɗe, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Ba kuɗin gaske ba ne, lamba ce kawai a manhaja, don haka babu batun caca. Wanda ya zuba 60 a kan mutum ɗaya a Satumba ya san da 40 zai ƙarasa kakar.

Game da gurbin da ke ba da damar sa mai jifa na biyu, ina son sa a gasar mutum goma. A ta mutum 12 ana bukatar 24 cikin 32 kowane mako, idan hutu da rauni suka shigo sai abin ya koma tarawa. In za a yi, a kayyade kada kowa ya riƙe fiye da uku. Mai bugu da rukunin tsaro, a bar su ko a cire, duk ɗaya ne a wurina, muddin ba a yarda wani ya ajiye biyu-biyu ba.

Abin da ba na sassautawa a kansa shi ne lokacin yin doka. Mutanen da suka ƙirƙiro wasan nan, Bill Winkenbach na Oakland Raiders da abokansa biyu, a 1962 suka zauna a wani otal a birnin New York suka tsara ƙa'idoji, sai a Agustan 1963 aka yi zaɓen farko da ƙungiya takwas. Tun ran gini, ran zane. Dokar da aka kawo a tsakiyar kaka, ko da mai kyau ce, kowa ya riga ya san wa za ta amfana, kuma ba za a taɓa yarda da ita da zuciya ɗaya ba. A 2020 Drew Brees, mai jifan ƙungiyar Saints, ya ji rauni, Saints suka sa Taysom Hill a matsayin mai jifa, alhali a ESPN ana iya sa shi a gurbin TE. Masu shi suka kwashi makin mai jifa a gurbin da ba nasa ba, gasanni suka kaure da musu, daga baya ESPN ta cire masa wannan damar. Jimla ɗaya a rubuce tun Agusta da ta raba gardamar.

Mafi nauyi shi ne daren 2 ga Janairun 2023, lokacin da Damar Hamlin na Bills ya faɗi a fili zuciyarsa ta tsaya, aka dakatar da wasansu da Bengals, daga baya aka soke shi gaba ɗaya. Alhamdulillahi ya rayu har ya koma wasa. Amma mako na 17 ne, makon wasan ƙarshe a gasanni da yawa, kuma taurari irin su Josh Allen da Joe Burrow da Ja'Marr Chase duk suna cikin wannan wasan. Shugabannin gasa suka rasa abin yi, domin babu wanda ya rubuta me za a yi idan ba a ƙarasa wasa ba. Wasu suka raba kambun, wasu suka ƙirga makin mako na 18, wasu suka bar shi yadda manhaja ta nuna.

Don haka ga abin da zan gabatar wa 'yan gasarmu bana, kuma ina roƙon ku gabatar da irinsa a taku: benci biyar, gurbin jinya biyu, kasafin maki 100, wasan ƙarshe a mako na 17 tunda manyan ƙungiyoyi kan hutar da taurarinsu a na 18, ba a soke musanya sai an tabbatar da haɗin baki, sannan sakin layi guda a kan wasan da aka ɗage ko aka soke. A tura shi a zauren WhatsApp mako biyu kafin zaɓe, kowa ya karanta ya rubuta "na amince" da hannunsa. Mai gyara ya kawo kafin ranar, a kaɗa ƙuri'a a kai.